DAGA ƘOFOFIN GANUWA ZUWA BAIFAS: TARIHIN HANYOYIN GARIN BAUCHI



A zamanmu na ƙungiya da ya gabata an yi ta muhawara kan sababbin tituna, wasu na yabo, wasu na kukan kasuwarsu. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi baya, domin wanda bai san inda aka fito ba zai yi wuya ya gane inda aka dosa.

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya baro Inkil ya kafa wannan gari a wajajen 1809, aka kewaye shi da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10. A wancan zamani hanya ba ta da wata mafita sai ƙofa. Fatake da jakunansu, masu dawaki da masu tafiya a ƙasa, duk ta Ƙofar Ran, Wunti, Jahun, Nassarawa, Tirwun, Inkil, Dumi da sauransu suke shiga su fita. Da dare ya yi a rufe. Wato ƙofa ita ce tasha, kuma ita ce tsaro.

Turawa sun ci Bauchi a 1902, amma hankalinsu ya fi karkata ga kuzar Jos. Ƙaramin layin dogon da suka shimfiɗa daga Zariya, wanda ya isa Jos a 1914, sunan Bauchi suka sa masa, alhali bai taɓa taka garin nan ba. Mu dai aka bar mu da hanyar ƙasa, rani ƙura, damina taɓo. Jirgin ƙasa bai iso mana ba sai 1961, ya wuce Gombe a 1963, ya kai Maiduguri a 1964. An yi wannan aiki ne a zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda tun 1952 ya riƙe ministan ayyuka, daga baya na sufuri. Kabarinsa yana nan tare da mu a kan titin Ran, abin alfaharinmu.

Babban sauyi ya zo a 1976, da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, garin ya zama hedikwata. Ma'aikata suka cika gari, unguwanni suka tsallake ganuwa. Ga shi kuma Allah Ya ajiye mu a mahaɗa: babbar hanyar tarayya ta A3, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Jos, ta cikinmu take ratsawa zuwa Potiskum da Maiduguri. Ga hanyar Gombe da Yola, ga ta Ningi zuwa Kano, ga ta Dass. Duk tirela da tankar man da za ta gabas, sai ta kutsa gari ta yi gogayya da mai Keke Napep da ɗan makaranta. Abin da ya kawo mana ciniki, shi ya kawo mana cunkoso da haɗari.

Maganin da ake nema a ko'ina shi ne baifas, hanyar da ke zagaye gari, domin wanda ba shi da buƙata a ciki ya wuce abinsa. Daga 2019 gwamnatin Sanata Bala Muhammad ta ɗauki wannan hanya. An haɗa titin Gombe da na Maiduguri, an fitar da wata daga Sabon Kaura zuwa titin Jos, an mayar da mashigan gari tagwaye, sannan ga gadar sama a Wunti da Babbar Kasuwa.

To, mene ne namu a ciki? Na farko, idan manyan motoci suka daina ratsa gari, yaranmu sun samu sauƙin tsallaka titi. Na biyu kuwa, ciniki bin hanya yake. Mai shayi, mai faci da mai abinci da suka dogara da direbobi za su ga canji, dole mu taimaka musu da shawara tun da wuri. Na uku, baifas ba ya zama baifas idan aka cika bakinsa da shaguna da rumfuna. Yau ka ga daji, gobe ka ga an yanka filaye, jibi cunkoson da aka gudu ya dawo.

Sai abin da ya fi damunmu. Titi na faɗaɗa, ganuwa na ƙarewa. Ku tambayi yaran unguwa su nuna muku inda ta bi, kaɗan ne za su iya. Laifin ba na masu aikin titi kaɗai ba ne. Mu ma mun ɗebi ƙasarta mun yi gini, mun mayar da gefenta bola, kamar yadda muke cika magudanan ruwa da leda, ruwa ya kwanta ya ci kwalta, mu koma muna zargin ɗan kwangila.

Don haka muna kira ga 'yan ƙungiya mu fito aikin gayya na yashe kwata kafin damina, mu kuma zauna da dattawanmu mu rubuta abin da suka sani game da ƙofar nan tun suna raye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya kiyaye mu daga haɗarin hanya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da Bauchi lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya