Jiragen Saliyo da suka tsira daga hannun 'yan gwangwan

Tarihinmu na wannan makon zai kai mu birnin Freetown na ƙasar Saliyo, unguwar Cline Town, inda tsohuwar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa ta zama gidan tarihi.

Turawan Ingila sun fara shimfiɗa layin dogon Saliyo a 1896. Siririn layi ne, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 kacal, alhali tsohon layinmu na Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Sun zaɓi siririn ne saboda araha, kuma yana iya shan kwana a tsakanin duwatsu. Layin ya ratsa garin Bo har ya dangana da Pendembu a gabashin ƙasar, tafiyar mil 227, yana kwaso ƙwarar kwakwar manja da sauran amfanin gona zuwa bakin teku.

Amma arahar nan ita ta zame masa matsala daga baya. Jirgin ba ya sauri, ba ya ɗaukar kaya da yawa, sai manyan motoci suka ƙwace masa ciniki. A zamanin Siaka Stevens gwamnati ta karkata ga titin mota, aka rufe layin a 1974. Aka ciccire ƙarafan, aka yanka jirage aka sayar a matsayin gwangwan.

A nan ne wasu ma'aikatan jirgin suka yi abin da ya sa muke ba da wannan labari a yau. Sun ware wasu kawunan jirgi da taragai, suka tura su cikin rumfar gyara ta Cline Town, suka rufe. Kusan shekara 30 kayan nan suna zaune cikin ƙura. Lokacin yaƙin basasar ƙasar, daga 1991 zuwa 2002, dubban 'yan gudun hijira sun fake a wannan ma'aikata, suna kwana a gefen jiragen. An ɓalle wasu sassa, amma gangar jikin jiragen ta tsira.

A 2004 wani hafsan sojan Birtaniya da ke aiki a ƙasar, Kanar Steve Davies, mai sha'awar jiragen ƙasa, ya ga kayan. Ya haɗa kai da 'yan ƙasar aka kankare tsatsa, aka yi fenti. Da goyon bayan Shugaba Ahmad Tejan Kabbah aka buɗe gidan tarihin a 2005.

Wanda ya shiga yau zai ga ƙaton kan jirgi samfurin Garratt, ƙirar kamfanin Beyer Peacock na Manchester, mai tukunyar tururi a tsakiya da inji gaba da baya, don ya ja kaya mai nauyi a kan siririn layi. Akwai ɗan ƙarami da ake kira Nellie, ƙirar 1915. Akwai kuma taragon alfarma da aka tanada don ziyarar Sarauniya Elizabeth ta 1961, wanda a ƙarshe ba ta ko shige shi ba. Wani kan jirgin Saliyo mai lamba 85 kuwa, mutanen yankin Wales ne suka saye shi da wasu taragai a 1975, suka ci gaba da ɗaukar fasinja da su a can.

Me ya haɗa mu da wannan? Mu ma mun taɓa yin layi mai irin wannan faɗin. Shi ne ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don jigilar kuza, wanda aka kammala a 1914 aka rufe a 1957. Matasanmu nawa ne suka taɓa jin labarinsa? Sannan yawancin unguwanninmu na Sabo a nan Kudu sun bunƙasa ne da fataucin shanu da goro da jirgin ƙasa ya sauƙaƙa.

Jiragen Saliyo sun tsira ne don wasu ma'aikata sun ƙi yarda a auna su a sikeli. Mu ma muna da abin ajiyewa: tsohon tikiti, hoton tasha, takardar lodin goro, da dattawan da suka yi zirga-zirga a jirgi. Mai irin waɗannan a gida kada ya zubar, ya sanar da mu a ɗauki hotonsu. Mazauna Legas kuma su daure su kai yara Jaekel House da ke harabar ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta, su ga kayan tarihin da aka adana a can.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu amfana da tarihinsu. Amin.