Maɗaci, Kanya da Maɗobiya a Wuyan Jita

Yau hirarmu a kan wuyan jita mai lantarki ce, wato dogon icen nan da makaɗi ke riƙewa yana danna tsirkiya.

Gardamar ta faro ne a Amurka. A 1950 Leo Fender ya fitar da jitar da daga baya aka sa wa suna Telecaster, wuyanta na icen mefil, fari, mai taurin gaske. A 1952 kamfanin Gibson ya amsa da Les Paul, mai wuyan mahogani, ja-ja, mai sauƙin sassaƙa. Kowanne da aibinsa. Fuskar mefil tana nuna daƙon yatsu, kuma a 1959 Fender ya koma shimfiɗa mata icen roswud mai duhu. Mahogani kuwa, jita ta faɗi sau ɗaya, sai kanta ya ɓalle. Makaɗa na cewa mefil ya fi kaifin murya, mahogani ya fi zurfi. A ganina an cika zuzuta wannan. Na'urar da ke ɗaukar sauti ta fi ice tasiri. Babban aikin wuya shi ne ya jure jan tsirkiyar ƙarfe shida bai lanƙwashe ba. Gurmi da kuntigi ba su san wannan nauyin ba, shi ya sa 'yar sanda ta ishe su.

To, ina ruwan mutumin Jahun da wannan? Ai dangin itatuwan nan muna zaune a inuwarsu. Da mahoganin Amurka ta Kudu ya yi wuya, sai masu ƙera jita suka koma kan na Afirka, dangin maɗaci ke nan, wanda ake jiƙa sassaƙensa saboda ciwon ciki. Baƙin icen eboni da ake shimfiɗawa a fuskar wuya ɗan'uwan kanya ne, wadda yara ke tsinka a fadamun Haɗeja, sai dai na kasuwa daga dazukan Kamaru yake fitowa. Har kamfanin Taylor ya shiga mallakar wata masana'antar yankansa a Yawunde a 2011.

Maɗobiya ce abin tausayi. A kasuwar duniya roswud na Afirka ake kiranta. Ba masu jita ne suka cinye ta ba, masu kujerun alfarma ne a China, suka yi ta lodinta daga Taraba da Kogi. A 2017 yarjejeniyar CITES ta sa mata takunkumi tare da sauran roswud, a 2018 aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya. Maɗaci ma ya shiga jerin a 2022.

In za ka sayi jita a Kano, kafin ka tambayi sunan icen, ɗaga ta ka leƙa wuyan daga kai zuwa gindi kamar mai saita bindiga. Icen da bai bushe sosai ba, laimar damina da bushewar hunturu ɗaya sun isa su murɗe shi.