Daga Zariya zuwa CERN: tarihin da'irar da ke saita bugun lantarki

A ranar 3 ga Fabrairun 2004 ne injin nukiliya na farko a Najeriya, NIRR-1, ya soma aiki a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ƙirar China ne, ƙarfinsa wajen kilowat 30 kacal, kuma ba ya ba kowa wuta. Gwaji ne aikinsa. A ce an ɗebo ƙasa daga wata gona a Yankwashi, ko ɓarɓashin dutse daga Roni. Sai a ƙunshe ɗan kaɗan a kurtun roba, a tura cikin injin, ya fito yana feso hasken gama. Kowane sinadari da ƙarfin nasa hasken, ta nan ake gane abin da ƙasar ta ƙunsa.

Injin ne ya yi suna, amma a ganina rabin aikin a ɗakin awo yake. Can akwai curin jameniyam mai kama hasken, wanda ake sanyayawa da ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili. Ƙwayar hasken gama ɗaya ta sinadarin kobal-60 kan saki elektiron wajen 450,000 a cikinsa. A kunne da yawa, amma a waya bai taka kara ya karya ba.

A shekarun 1950, Emilio Gatti na birnin Milan ya ƙago amfilifaya mai tara wannan ɗan caji. Sai dai bugun da take fitarwa tashi yake farat ɗaya, sannan ya ja doguwar jela. Shi ya sa ake bin ta da wata da'ira ta kafasito da resisto, wadda ke datse jelar, ta kwantar da tsinin, bugun ya koma ɗan tudu da tsayinsa ke nuna ƙarfin hasken.

A nan gizo ke saƙar. Mai awon gero in ya yi garaje, tiya ba ta cika daidai. In ya yi nawa, masu saye su taru a kansa. Haka awon bugu yake: gajeren bugu hayaniyar lantarki ke gurɓata shi, dogo kuma wani ya hau bayansa kafin ya sauka. Ga jameniyam, 'yan maikirosakan ake ba kowane bugu.

Masu binciken ƙwayar zarra ba su da wannan sararin, ga layukan awonsu dubbai, babu halin ba kowane layi akwatinsa. Dole aka dunƙule da'irar cikin ƙwayar silikon: Microplex a Jami'ar Stanford a 1984, sai AMPLEX a CERN, cibiyar binciken ƙwayar zarra ta Turai, a 1988, mai layi 16, kowanne da mai saita bugunsa. Ƙwayar APV25 ta na'urar CMS da ke CERN layi 128 gare ta, bugunta na kaiwa ƙololuwa cikin nanosakan 50, alhali ƙwayoyin faroton na karo duk nanosakan 25. Sai aka sa ta haɗa awo uku a jere don ta tantance karon da ya haifi bugun, aka kuma haƙura da ƙarin hayaniyar da hakan ke jawowa.