College Park, Ƙaramin Filin Jirgin da Ya Girmi Kowa

A bakin birnin Washinton, cikin jihar Maryland ta Amurka, akwai wani filin jirgin sama mai titin sauka guda, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Manyan jiragen fasinja ba sa zuwa nan, sai ƙanana na masu zaman kansu. Amma duk duniya babu filin da ya kai College Park daɗewa yana aiki.

A 1909 aka share wurin. Sojojin Amurka sun sayi jirginsu na farko daga hannun 'yan'uwan nan biyu na gidan Wright, kuma cikin sharuɗɗan cinikin har da koya wa hafsoshi biyu tuƙi. Wilbur Wright da kansa ya zo a watan Oktoba. Jirgin na katako ne da yadi da waya, ko taya babu, a kan dogo ake ɗora shi ya zabura kafin ya ɗaga. Malami da ɗalibi suna zaune kafaɗa da kafaɗa a sarari, iska na dukan fuskokinsu. Da darasin kusan awa uku kacal Laftanar Frederic Humphreys ya tashi shi kaɗai ranar 26 ga Oktoba, Laftanar Frank Lahm ya bi bayansa. Wannan ƙarfin hali ya cancanci jinjina.

Makarantar matuƙan soja ta buɗe a nan a 1911. Ranar 12 ga Agusta 1918 hukumar gidan waya ta fara jigilar wasiƙu daga filin zuwa Philadelphia da New York da matuƙanta na farar hula. Emile Berliner da ɗansa Henry sun yi ta gwajin jirgi mai saukar ungulu, daga baya kuma masanan gwamnati suka gwada na'urar rediyo mai saukar da jirgi cikin hazo.

Hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta yankin ta sayi filin a 1973, ta tsare shi.

Harin 11 ga Satumba 2001 ne ya kusa durƙusar da shi. Saboda kusancinsa da fadar gwamnati aka dakatar da tashi na watanni, da aka buɗe kuma sai da sharaɗi: a binciki matuƙi, a ɗauki zanen yatsunsa, a ba shi lambar sirri kafin ya shigo. Tsaro dole ne, amma abin takaici ne yadda matuƙa baƙi suka ƙaurace wa filin.