Inshorar mota a Arlit: ta dole ko ta "tous risques"?

Dokar CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita tun 1995, ta wajabta wa kowane mai mota inshora ɗaya, wato asiransin "responsabilité civile". Takardarta ce jandarmomi ke tambaya a shingen hanya. Tana biyan diyyar wanda motar ta buge, da fasinja, da dukiyar wani da ta lalace. Ba ta gyara motar mai ita, ba ta biyan direban da ya ji rauni.

Ta "tous risques" ta fi tsada, amma tana biyan gyaran motar ko da laifin direban ne, galibi har da sata, gobara da fashewar gilashi. Sai dai kamfani na biya ne gwargwadon darajar motar a ranar haɗari, bayan ya cire kason da mai ita zai ɗauka, wato "franchise".

Saboda haka darajar mota ce ma'auni. Tsohuwar motar da ke zirga-zirga tsakanin Arlit da Akokan, ta dole ta ishe ta, a ƙara da kariyar direba. Sabuwar Hilux ko motar bashi mai bin lalatacciyar hanyar Agadez, kimanin kilomita 240, ta cancanci cikakkiya.

Kafin sa hannu, a duba ko yarjejeniyar ta shafi hanyoyin sahara da fashi da makami. Ɓarnar yaƙi da tarzoma ba ta ciki sai an rubuta. In an sace mota, a sanar da kamfani cikin awa 48.