Daga Garmaho Zuwa Waya: Yadda Sabuwar Waƙa Ke Isowa Sabo

Kwanakin baya muna zaune a bakin shago bayan La'asar, sai ga yaranmu sun taru a kan waya ɗaya, wai sabon albam ya fito. Muka tambaya na wa? Kafin su gama ba mu amsa sun lissafa uku: ɗaya na wani mawaƙin Kano, ɗaya na wani ɗan Legas, ɗaya kuma daga Amurka. Duk a mako guda. Mu kuwa da muka tashi a Sabon Ibadan, mun san lokacin da sabuwar waƙa ke yin wata biyu a hanya kafin ta iso mu.

A 1916 aka ware wa kakanninmu wannan unguwa, kuma goro da shanu ne suka zaunar da su. Waƙa ma hanyar goro da shanu ta biyo. Mun taras da garmaho a ɗakin wasu iyayen gidanmu, an lulluɓe shi da ƙyalle kamar amarya, yaro bai isa ya taɓa ba. Abin mamakin shi ne, manyan kamfanonin buga faifai irin su EMI da Decca a Legas suke, nan kusa da mu. Wato muryar Mamman Shata sai ta gangaro kudu an buga ta a faifai, sannan a mayar da ita Arewa. Sauran buƙata kuma Rediyon Kaduna ce ke biya. Da dare a ja eriya, a yi ta murɗawa har a kamo, baƙin maigida da 'yan kwamisho su yi shiru.

Kaset ne ya canza komai. Tun daga shekarun 1980 duk direban da ya sauko da kaya daga Kano ko Katsina, akwai kaset a aljihun motarsa. Shata da kalangunsa, Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, Musa Ɗanƙwairo, Barmani Coge ta mata a cikin gida. Mai rakoda mai baki biyu shi ne sarki, don shi ke kwafa. Kaset ɗaya sai ya haifi ashirin kafin Juma'a. Idan zare ya cuɗe a sa biro a naɗe, idan ya tsinke a liƙa. Ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ko sisi na isa hannun mawaƙin ba, kuma gaskiya ba ya isa. A matsayinmu na 'yan kasuwa da muka san zafin a ci guminka, wannan abin kunya ne a gare mu, ko da yake a lokacin ba mu ɗauke shi komai ba.

Kada kuma mu yi kamar waƙar Hausa kaɗai muka sha. Wanda ya tashi a Ibadan kunnensa ya cika da apala ta Haruna Ishola da juju ta Sunny Ade, ko yana so ko ba ya so, don daga Mokola har Dugbe masu sayar da faifai ba sa rage sauti. Fuji kuwa ta fi kusa da mu fiye da yadda wasu suka sani. Asalinta waƙar were ce, wadda samarin Yarabawa Musulmi ke yi suna zagaya gari don tayar da mutane sahur, kusan yadda yaranmu ke fita tashe cikin azumi. Sikiru Ayinde Barrister ne ya fitar da ita daga watan Ramadan ya mai da ita sana'a, har ya rasu a 2010. Da yawa daga samarinmu na wancan lokaci Yarabancinsu a kaset ɗin Barrister da Kollington ya nuna.

Shata ya rasu a 1999, kuma a daidai wannan lokaci ne waƙoƙin fim suka kankama, musamman bayan fitowar Sangaya. Fiyano ta ture kalangu. Dattawa suka ce ai wannan kiɗan Indiya ne da Hausa, matasa kuwa ko a jikinsu. Sai sidi ya zo, bai daɗe ba memori ta kore shi, masu tura waƙa suka baje kwamfuta a bakin titi. Nura M. Inuwa, Umar M. Shareef, Ali Jita, ga masu bege irin su marigayi Fadar Bege da ake sa wa a Maulidi. A 2020 Jaruma ta Hamisu Breaker ta shigo kowane lungu na Sabo ba tare da wani direba ya ɗauko ta ba.

Za a ce me ya haɗa mai jan salla da wannan zance? Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, ba yau aka fara ba, kuma ba nan ne wurin warware shi ba. Mu dai abin da muke faɗa a masallaci shi ne a duba abin da waƙa ke cewa, kuma a kashe idan an kira salla. Abin da ya dame mu a nan daban ne. Mun gwada sa wa wasu yaran makarantar dare Bakandamiyar Shata, aka rasa wanda zai fassara baiti biyu a jere. Hausar ta yi musu nauyi. Yaro ya haddace albam ɗin Burna Boy daga farko har ƙarshe, amma karin maganar da kakansa ke yi a kasuwar goro sai an yi masa bayani da Turanci ko Yarabanci. Mu da ke nesa da gida, waɗancan kaset-kaset ɗin sun yi mana aikin da ba mu lura ba: su suka riƙe mana tsohuwar Hausa a kunne.

Kuma suna ƙarewa. Bara da aka yi rabon gadon wani dattijo, kwali biyu na kaset aka fitar da su tare da shara, damina ta gama da su. A cikinsu har da wa'azin malaman unguwar nan da aka ɗauka da rakoda, da waƙoƙin bukukuwan da aka yi a nan Sabo, waɗanda babu su a YouTube, babu su a ko'ina.

Don haka duk mai tsohon kaset ko faifai a gida, kada ya zubar. A ajiye shi nesa da danshi da rana, a rubuta sunan mai shi a jiki. Akwai samarinmu masu gyaran waya da suka iya juye kaset zuwa kwamfuta, mun yi magana da biyu daga cikinsu kuma sun yarda. Rakoda mai aiki ce kawai muke nema yanzu, wanda ke da ita ya same mu bayan sallar Juma'a.