Shekarar da Inna Ta Riƙe Min 'Ya'ya

Ran 20 ga Maris 2020 gwamnatin Mahamadou Issoufou ta rufe makarantun Nijar saboda korona. Ni kuwa ɗinki nake yi a kasuwar Maraɗi, in ban fita ba tukunya ba ta hawa murhu. A unguwar Zariya gidan haya muke, daga ni sai maigida da yara uku, ba irin gidan gandun da na tashi ba, inda goyo ba ya rasa baya. Sai na kai su Tibiri wurin Inna, maƙwabciyata ta kai nata Jiratawa. Kullum rediyo na cewa tsofaffi cutar ta fi kashewa. Na ji, na kai su. Har aka koma lakwal ran 1 ga Yuni, ko tari Inna ta yi a waya sai gabana ya faɗi.